Makamashi da labari a tarihin Adar: gudummawa daga ɓangaren nazarin harshe

Gabatarwa

Wannan ƙasida ta samo asali ne daga aikin ƙirƙiro kalmomi. Tun lokacin da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, tambayar da muka daɗe muna yi wa junanmu a wannan sashe ta ƙara nauyi: da waɗanne kalmomi za a koyar da kimiyya? Biyu daga cikin waɗanda suka fi ba mu wuya su ne waɗanda Faransanci ke kira énergie da information. Mun lura cewa ba a iya zaɓen kalma sai an fahimci abin da za ta ɗauka, kuma abin ba ya fahimtuwa sai an gan shi yana aiki a wani wuri da aka sani. Don haka muka ɗauki Adar, musamman garin Tawa da ƙasar da ke arewa da shi, inda noma ke ƙarewa kiwo ya fara.

Abin da muke son nunawa shi ne: a tarihin wannan yanki, hasken rana bai taɓa yin ƙaranci ba, ruwan sama kuwa bai taɓa zama abin dogaro ba, abin da ya sha raba shekarar wahala da shekarar mutuwa shi ne labari, wato inda aka ajiye shi, da hanyar da yake bi, da wanda ya yarda ya ji shi. Muna magana a matsayin masu nazarin harshe, kuma za mu ari ma'aunan fizik ne kawai inda suke ƙara haske.

1. Kalmomi uku

A Hausar gida, makamashi shi ne abin da wuta ke kamawa: ice, kara, busasshen kashin shanu. Gidajen rediyo sun faɗaɗa kalmar har ta haɗa da man fetur da gas da lantarki. Wasu abokan aiki sun fi son ƙarfi, amma ƙarfi ya riga ya ɗauki kaya da yawa: na damtse, na mulki, na inji, na hali. Mun zaɓi makamashi, tare da ƙara masa taki ɗaya: hatsin da ke cikin rumbu shi ma makamashi ne. Wannan ba salon magana ba ne. Tun wajen 1780 Lavoisier da Laplace suka gwada a Faransa cewa numfashi ƙonewa ce mai tafiya sannu, kuma ɗumin jikin dabba daga abincinta yake fitowa kamar yadda ɗumin murhu ke fitowa daga ice.

A kalma ta biyu muna da bayani, da sani, da labari. Bayani warware abin da ke gabanka ne. Sani yana zaune cikin kai. Labari kuwa tafiya yake yi daga wani zuwa wani, ya rage wa mai karɓarsa shakka. Kalmar daga Larabci take, ta shigo da harafin ta'arifi manne da ita kamar littafi da liman. Gaisuwarmu ta kullum tana koyar da ma'anar da muke nufi. In aka ce «ina labari?» amsa ita ce «sai alheri», ko da gobara aka yi a gidan. In aka ce «ina ruwa?» sai a ce «ya yi gyara», ko da ya rushe katanga. Tun da mai tambaya ya san amsar kafin a ba shi, shakkarsa ba ta ragu da komai ba. Gaisuwar tana da aikinta na buɗe hanya tsakanin mutum biyu, amma labarin da ake aunawa sai bayanta yake zuwa. Gwargwadon yadda abu ya zo ba zato, gwargwadon yawan labarin da ke cikinsa.

Kalma ta uku ita ce entropie, wadda muke ba da shawarar a kira warwatsuwa. Hura da nono in sun gauraya ba sa rabuwa da kansu. Tiyar hatsi in ta zube cikin rairayi ba ta komawa ƙwarya sai wani ya durƙusa. Bahaushe ya san wannan tafiya mai fuska ɗaya, shi ya sa ya ce magana zarar bunu ce.

2. Yadda makamashi da labari suka haɗu a kimiyya

Tarihin ya fara da injin tururi. A 1824 Sadi Carnot ya nuna cewa inji ba ya ba da aiki sai akwai bambanci tsakanin wuri mai zafi da wuri mai sanyi. A 1865 Clausius ya raɗa wa warwatsuwa suna, ya tsai da doka cewa makamashi ba ya ɓacewa, amma kullum yana gangarawa zuwa siffar da ba ta da amfani. A 1867 Maxwell ya kawo wani wasan ƙwaƙwalwa: a ce ga wani ɗan aljani a bakin ƙofa tsakanin ɗaki biyu, yana barin ƙwayoyin iska masu sauri su wuce gabas, marasa sauri su wuce yamma. Ba da jimawa ba ɗaki ɗaya zai yi zafi ɗaya ya yi sanyi, an sami bambancin da inji ke bukata ba tare da an ƙona komai ba. Da me aljanin ya biya? Szilard a 1929, sa'an nan Léon Brillouin a shekarun 1950, suka amsa cewa sai ya sami labarin kowace ƙwaya kafin ya buɗe ƙofa, kuma labari ba kyauta ba ne. A 1948 Shannon ya ba labari ma'auni, wato bit, wanda shi ne abin da ke raba gardama tsakanin «i» da «a'a» in ƙarfinsu ɗaya. A 1961 Landauer ya nuna inda kuɗin yake fita: duk goge bit ɗaya daga ma'ajiya sai ya saki zafi, aƙalla kimanin 3 × 10⁻²¹ na jul a ɗumin ɗaki. An tabbatar da wannan a ɗakin gwaji a birnin Lyon a 2012.

Ta ɓangaren masu rai, Schrödinger ya yi tambaya a littafinsa na 1944: me ya sa jiki ba ya warwatsewa kamar sauran abubuwa? Amsarsa ita ce jiki yana jawo tsari daga waje yana zubar da warwatsuwa, kuma yana ɗauke da wani rubutu da ke gaya masa yadda zai sake gina kansa. A 1953 aka gano siffar wannan rubutu, wato ADN mai haruffa huɗu. Nan ne masu nazarin harshe suka shigo. A 1968 gidan talabijin na Faransa ya haɗa Roman Jakobson da Claude Lévi-Strauss da François Jacob da Philippe L'Héritier a kan kamannin da ke tsakanin harshe da gādo: haruffa kaɗan marasa ma'ana, waɗanda jeruwarsu ke haifar da saƙo marar iyaka.

Sai dai a yi hattara. Ma'aunin Shannon bai san ma'ana ba. Yana ƙidaya zato ne kawai. Mai rai kuwa labarin da ya dame shi shi ne wanda zai kai shi ga abinci ko ya tsirar da shi. Da wannan ma'ana ta biyu za mu fi aiki a abin da ke biye.

3. Lissafin rana da hatsi

A ƙasar Tawa, kowane murabba'in mita yana karɓar kusan kilowat-awa 6 na hasken rana a yini, wato ma'aunin nan da ake sayar da wutar lantarki da shi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ne. In muka ɗauki kwana 90 daga shuka zuwa girbi, gonar ta karɓi kilowat-awa miliyan 5 da dubu 400. A shekara matsakaiciya tana ba da kilo 400 zuwa 500 na hatsi. Kilo ɗaya yana ɗauke da kalori wajen 3,500, wato kilowat-awa 4. Ke nan abin da ya shiga rumbu wajen kilowat-awa 1,800 ne: kashi ɗaya cikin dubu uku na abin da rana ta zubo. Sauran ya tafi wajen gasa ƙasa, da busar da ruwa, da gina kara da saiwa.

Jikin babban mutum yana ƙona kalori 2,100 ko fiye a yini, daidai da fitilar wat 100 da ba a kashewa, kuma kashi ɗaya cikin biyar na wannan ƙwaƙwalwa ce ke cinye shi. In hatsi ne kaɗai cimaka, ana bukatar kilo wajen 220 a shekara. Tiya ɗaya ta ciyar da mutum huɗu yini guda. Hekta ɗaya ta riƙe mutum biyu. Gida mai mutum takwas yana bukatar hekta huɗu da damana mai kyau kafin a yi maganar iri, da zakka, da haraji, da biki.

Wannan lissafi ya nuna inda matsalar take. Abin da ke tsai da shuka shi ne ruwa da takin ƙasa, musamman sinadarin fosfor wanda jigawar Sahel ba ta da shi sosai. Tawa tana samun milimita 350 zuwa 400 a shekara, cikin wata uku, kuma ba a san ranar farawa ko ranar ɗaukewa ba. Dokar 26 ga Mayu 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta bi ta wannan yanki ne. Manomin Barmu ko Kalfu ko Takanamat yana da wata uku ya kama makamashin wata goma sha biyu, ta ƙofa ƙunci wadda ba ta buɗewa lokaci ɗaya shekara biyu a jere. Wanda ke bakin irin wannan ƙofa, sanin lokacin buɗewarta ya fi masa ƙarfin damtse.

4. Rumbunan labari kafin zuwan Turawa

Adar ta shahara da manyan rumbunan laka, waɗanda ake kira ruhewa a karin yamma, inda f ke komawa h kamar a hura da tahiya. Bernard Caron ya bayyana wannan kari a littafinsa na 1991. Amma bayan rumbun hatsi akwai wasu rumbuna uku da ba a gani da ido.

Na farko shi ne iri. An fara noman gero a yammacin Sahara shekara fiye da 4,000 da suka wuce, kuma tun daga lokacin kowace kaka manomi yana tsayawa gaban dami ya ware zangarniyar da ta fi cika, ya ajiye ta dabam. Wannan shi ne aikin aljanin Maxwell: zaɓe a bakin ƙofa, wannan ta wuce, wannan ta tsaya. Kuma kamar aljanin, manomi yana biya, domin iri hatsi ne da aka hana ciki a lokacin da ciki ke nema. Abin da aka zaɓa yana rubutuwa cikin ƙwaya: tsawon kwanakin nuna, jure ƙishirwa, tsawon zangarniya. Maiwa tana auna tsawon yini kafin ta fid da kai. Gero mai sauri yana ƙidaya kwanakinsa ne. Irin da takardun masu binciken noma ke rubutawa Guerguera, wanda aka sani da wannan jiha, littafi ne da dubban hannuwa suka rubuta. Har maƙiyin gero da labari yake aiki: ƙwayar ƙuduji tana iya kwana shekaru cikin ƙasa, ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa.

Na biyu shi ne harshe. Rabe-raben ƙasa zuwa jigawa da fadama da fako da geza taswira ce ta inda ruwa ke shiga da inda yake gudu. Zuwan shamuwa, da juyawar iska a bazara, da zubar ganyen gawo, da matsayin taurarin Kaza, duka alamu ne da ke rage shakka a kan ranar shuka. Wanda ya yi shuka a ruwan farko na ƙarya ya yi asarar iri. Wanda ya jira da yawa damana ta ƙare masa hatsi bai nuna ba. A nan kuskuren bit ɗaya, «a shuka» ko «a dakata», yana iya cin abincin shekara.

Na uku shi ne tsarin zaman jama'a. Nicole Échard, a nazarinta na 1975 a kan tarihin manoman Adar, ta nuna yadda zuri'ar Azna waɗanda suka fara zama a wuri ke riƙe da al'amuran ƙasa da na damana. Ko me mutum ya ɗauka game da tsafe-tsafensu, bukukuwa irin buɗin daji suna tara dattawan garuruwa a wuri ɗaya kafin damana, kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ya gani. Sarautar sarkin noma, wadda a ƙasar Hausa ake samu ta hanyar noma dami dubu a rabar, hanya ce ta mai da rarar hatsi ta koma suna, sunan kuma ya zama bashin da ake biya ranar tsanani. Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya ba da tarihin siyasar yankin a littafinsa na 1975: yadda Agabba ɗan sarkin Agadas ya ci Adar a 1674, da yadda daga baya ƙungiyoyin Abzinawa suka yi ta jayayya a kanta. Abin da ake jayayya a kai, a harshen wannan ƙasida, shi ne bakin iyaka tsakanin hanyoyi biyu na kama hasken rana: gona a kudu, ciyawa da dabba a arewa. Makiyayi yana kawo nono da dabba da gishiri ya koma da hatsi. Shi ma da labari yake rayuwa: Fulani suna tura garso ya yi kwanaki yana duba ciyawa da ruwa kafin garke ya motsa, domin gajiyar mutum ɗaya ta fi arha bisa ga tafiyar banza ta shanu ɗari.

5. Lokutan da hanyar labari ta toshe

Faransawa sun kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20. Harajin kai da suka ɗora, wanda daga baya ya koma na kuɗi, ya tilasta sayar da hatsi da kaka lokacin da ya fi arha, aikin tilas kuma ya ɗebe hannuwa daga gona. Amma akwai wani canji da ba a cika ambata ba: mai yanke hukunci ya zama wanda ba ya jin harshen masu noma. Labari sai ya bi ta bakin tafinta zuwa kumandan, daga kumandan zuwa gwamna a takarda, kuma a kowane mataki akwai mai amfana in an ce lafiya lau. Ga «sai alheri» ta zama rahoton hukuma.

Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a wurare da yawa na ƙasar Hausa ake kira Kakalaba, ta zo cikin wannan hali. Ta 1931, wadda fara ta jawo kuma ta fi tsanani a yammacin ƙasa, ta zama misalin da masana tarihi irin su Finn Fuglestad da Boureima Alpha Gado suka yi nazari a kai: an ci gaba da karɓar haraji alhali garuruwa suna watsewa. Maganin da mulkin mallaka ya fi dogara da shi shi ne rumbun tsimi na dole. An tara makamashi ke nan, amma mabuɗin yana hannun wanda labari ba ya isa gare shi da wuri, shi ya sa talakawa suka ɗauke shi wani haraji na biyu.

Bayan ƴancin kai an kafa ofishin cimaka na ƙasa, OPVN, a 1970. Farin da ya kai ƙarshensa a 1973 ya kashe dabbobin arewa, ya koro makiyaya zuwa garuruwa irin Tawa, kuma yadda aka tafiyar da taimako yana cikin dalilan da sojoji suka bayar na juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. A shekarar ne aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai don tattara labarin ruwa da amfanin gona. A 1984 fari ya dawo, ya kuma haɗu da rufe iyakar Nijeriya, har mutane a sassa da yawa suka raɗa wa yunwar sunan El-Buhari. Sunan kansa nazari ne: jama'a sun gane cewa abin da ya same su ya haɗa da toshewar hanya, ba rashin ruwa kaɗai ba. Wannan shi ne abin da Amartya Sen ya rubuta a 1981, cewa ana iya mutuwa da yunwa hatsi na kasuwa. A 1989 aka kafa tsarin gargaɗin gaggawa na ƙasa.

Shekarar 2005 ta fi kowace koya mana darasi, domin a wannan karo labari yana nan. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta sauka a arewacin yankin noma har da Adar, an kuma ƙiyasta gibin hatsi na ƙasa a kan tan 223,000 tun kafin shekara ta ƙare. Gibin bai kai na 1984 ba, amma farashi ya hau har buhu ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni. An fara da sayar da hatsi a farashi mai rahusa ga mutanen da ba su da ko rahusar. Rabon kyauta bai kankama ba sai a watan Agusta, bayan hotunan yara sun fita a talabijin na duniya. A tsakanin nan gardama ta kasance a kan kalma: yunwa ce ko ƙarancin cimaka? Shugaban ƙasa na lokacin, Mamadou Tandja, ya musanta a wata hira da BBC cewa akwai yunwa. Ga mai nazarin harshe, wannan shi ne wurin tsayawa: kalma ɗaya ce ke tsaron ƙofar rumbu, kuma tan dubbai suna jiran a furta ta.

6. Lokutan da labari ya yi tafiya

Akwai kuma ɗaya fuskar. A 1984 aka fara furojen Keita da kuɗin Italiya a ƙarƙashin hukumar FAO. An yi kandagarkin duwatsu da ramuka a kan tuddai, an datse ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa. Yawancin masu aikin mata ne, domin maza sun tafi cin rani Nijeriya da Abijan da sauran wurare, kuma da abinci ake biyansu. A lissafin makamashi, an zuba hatsin waje cikin damtse, damtse ya ɗauki dutse, dutse ya rage gudun ruwa don ƙasa ta sha. Aiki ne babba mai tsada, da motoci da injuna.

Misali na biyu ya fi arha nesa. A 1989 wani furoje da asusun FIDA ke biya ya kai wasu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso, inda suka ga yadda ake faɗaɗa ramin shuka a zuba masa taki. Adar ta riga ta san tassa, amma ƙarama. Abin da suka ɗauko bai cika aljihu ba: faɗin rami, zurfinsa, gefen da ake tara ƙasa, da lokacin zuba taki. Taki yana jawo gara, gara ta huda fako, ruwa ya shiga. Damanar 1990 ba ta yi kyau ba, kuma gonakin tassa suka ba da amfani inda na kusa da su suka ƙone. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, har fako da aka yar ya zama abin saye da sayarwa. Rana ɗaya ce, ruwa ɗaya ne. Jimloli kaɗan ne suka ƙaru.

Misali na uku daga cikin ƙwaya yake. Masu bincike na cibiyar IRD tare da abokan aikinsu na Nijar sun kwatanta irin gero da aka tara a 1976 da wanda aka tara a garuruwa 79 ɗin nan dai a 2003, a faɗin yankin noma na ƙasar. Sakamakon da Yves Vigouroux da abokansa suka buga a 2011 ya nuna cewa sunayen iri ba su canza sosai ba, amma iri ɗin kansa ya koma fid da kai da wuri, zangarniya ta gajarta, kuma wani nau'in ƙwayar gādo mai kawo saurin nuna ya kusa ninkawa. Wato fari na shekarun 1970 da 1980 ya rubuta kansa cikin gero ta hannun masu zaɓen iri. Suna ɗaya, abin da ke ciki ya sāke: mu da muka san yadda kalma ke riƙe siffarta ma'anarta na gusawa, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu.

Na huɗu shi ne wayar salula, wadda ta bazu a kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006. Jenny Aker ta auna cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 inda waya ta isa. Ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota ya zo kasuwar Lahadi ta Tawa kafin ya san farashi, ya koma tambaya daga inda yake zaune. Waya ba ta ƙara ko tiya ɗaya ba. Ta nuna wa buhu inda aka fi bukatarsa.

Kammalawa

Abdou Moumouni, masanin fizik da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa tun daga 1969, kuma shi ne a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya dage cewa a koyar da yara cikin harsunansu. Tarihin Adar ya nuna cewa waɗannan damuwoyi biyu nasa tushensu ɗaya.

Darasin Landauer, in muka sassauta shi, shi ne ajiyar labari tana da kuɗi. Rumbu sai an yaɓe shi kowace shekara, iri sai an shuka shi, kalma sai an faɗe ta. A nan akwai wani haɗari na musamman. Sanin yadda ake jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, da yadda ake fid da ƙwayar ƙarangiya, da ganyayen da ake ci da waɗanda ba a ci, sani ne da ba a bukata sai shekara ɗaya cikin goma ko ashirin. Domin ba a cika amfani da shi ba, shi ne ya fi saurin ɓacewa. Domin kuma ranar bukatarsa ba ta sallama, shi ne ya fi tsada. Ana kuma jin kunyar ambatonsa, tun da cin anza shaidar talauci ce. Yaron da ya tashi tsakanin makaranta da cin rani zai iya kai shekara talatin bai ji waɗannan kalmomi ba.

Saboda haka muna ba da shawara biyu. Ta farko, ɗalibanmu masu neman batun digiri su tattara kalmomin ƙasa, da na iri, da na alamun damana, da na cimakar yunwa, da sunayen shekarun wahala gari da gari a arewacin Adar, tare da yadda ake aikata abin da kalmar ke nufi, kuma su nemi tsofaffin mata musamman, tun da yawancin wannan sani a hannunsu yake. Ta biyu, muna miƙa kalmomin nan uku, makamashi da labari da warwatsuwa, ga abokan aikinmu na sashen fizik da na aikin gona, su gwada su a aji su gaya mana inda suka gaza. Za mu yi marhabin da gyara a fitowa ta gaba.